Abin da Na Gani Lokacin da Aka Katse Layi a Masar

Ina tsakiyar karatuna a Jami'ar Azhar lokacin da Masar ta birkice a farkon shekarar 2011. Mu ɗalibai baƙi an sha ja mana kunne tun daga ranar da muka sauka cewa siyasar ƙasar ba tamu ba ce, duk wanda ya tsoma baki za a sa shi a jirgi ko da saura wata guda ya kammala. Saboda haka ban ɗaga kwali ba, ban yi ihun a sauke kowa ba. Shaidar da zan bayar ta mutumin gefe ce, wanda aka kashe wa waya tare da kowa, ya kuma ga abin da hakan ya yi wa gidan da yake haya a ciki.

Tun kafin zanga-zangar, akwai hoton da ya riga ya shiga kowane gida. A watan Yunin 2010 'yan sanda biyu suka fito da wani matashi mai suna Khaled Said daga wani shagon intanet a birnin Iskandariyya, suka yi ta dukansa har ya mutu. Hukuma ta ce ƙunshin tabar wiwi ya haɗiye ya shaƙe shi. Sai danginsa suka ɗauki hoton gawar da waya a mutuware, hoton ya fita, aka jera shi kusa da hotonsa na da, yana matashi mai fara'a. Na gan shi a wayar wani abokin karatuna Bamisre, kuma har yau ban iya kwatanta yadda aka mayar da fuskar nan ba. An buɗe shafin Facebook da sunansa, wanda daga baya aka gane cewa Wael Ghonim, ma'aikacin Google, yana cikin masu gudanar da shi, mutane dubu ɗaruruwa suka bi shafin.

Ana yawan cewa Facebook ne ya yi juyin juya halin Masar. Ni ban yarda ba, kuma na zauna da mutanen. Hosni Mubarak yana mulki tun 1981 a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ma'aikatan masaƙar Mahalla sun tayar da ƙura tun a watan Afrilun 2008. An yi zaɓen majalisa a ƙarshen 2010 wanda kusan ba a bar wa 'yan adawa kujera ba. Matasa masu digiri suna yawo babu aiki. Kusan kowane gida yana da labarin wani nasa da ya shiga caji ofis da ƙafarsa ya fito a sandare, amma labari ne da ake faɗa da raɗa bayan an rufe ƙofa. Abin da hoton Khaled ya yi shi ne ya fito da raɗar fili. Gani ya kori ji. Mutum zai iya cewa maƙwabcinsa ƙari yake yi, amma ba zai iya kallon wannan fuska ya ce wiwi ce ta yi mata haka ba. Da Ben Ali na Tunisiya ya tsere a ranar 14 ga Janairu, sai tsoron da ya rage ya tsage.

Aka sa ranar 25 ga Janairu don fita zanga-zanga, wadda ita ce Ranar 'Yan Sanda a Masar. A ranar aka toshe Twitter, Facebook ma ya fara tangal-tangal a kwanakin da suka biyo. Matasa suka riƙa zagayewa ta wasu hanyoyi, kowa yana koya wa na kusa da shi. Sai a daren Alhamis wayewar Juma'a, 28 ga wata, jim kaɗan bayan sha biyun dare, komai ya tsaya cak. Ina gaban kwamfuta ina rubuta wa ƙanena saƙo, na danna ya ƙi tafiya. Na zare waya na mayar, na kashe na kunna. Da gari ya waye wayoyin hannu ma suka mutu, babu kira babu tes.

Daga baya na fahimci yadda abin yake da sauƙi, kuma sauƙin ne ya fi ba ni tsoro. Intanet na ƙasa mai mutum sama da miliyan 80 yana bi ta hannun kamfanoni 'yan ƙalilan, kowanne yana aiki da lasisin gwamnati, kuma a cikin sharuɗɗan lasisin akwai biyayya ga umarnin tsaro. Ba sai an tura soja ya tsinke waya ba. Umarni kawai ake bayarwa, injiniyoyi su janye hanyoyin da ke sanar da duniya inda Masar take, cikin 'yan mintuna ƙasar ta ɓace. Ƙaramin kamfani guda mai suna Noor, wanda kasuwar hannun jari ke amfani da shi, ya ci gaba da aiki har zuwa 31 ga wata, sannan shi ma aka rufe shi.

Dattijon da muke haya a saman gidansa tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Mutum ne da in aka fara zancen Mubarak sai ya miƙe ya ce zai je ya yi alwala. Ɗansa na ƙarshe ya fita tun kafin sallar Juma'a. Da la'asar muna jin ƙarar harbi daga nesa, hayaƙi mai sa hawaye yana shigowa ta taga ko da an rufe. Na sauko na tarar da shi yana sa takalmi.

Na ce, "Baba, ina za ka a wannan hali?"

Ya ce, "Ɗana, yarona yana waje. Na kira, wayar ba ta shiga. In zauna in jira me?"

Matarsa ta riƙe masa riga, ya zame hannunta a hankali ya fita. Ba shi kaɗai ba. A layinmu na ga iyaye da yayye suna fita neman nasu, kuma duk wanda ya fita nema taron yake faɗawa, ya sha hayaƙi, ya ga ana dukan yaro sa'an ɗansa, ya dawo ba mutumin da ya fita ba. Wanda da zai zauna a ɗaki yana bin labari ta waya, sai aka ƙwace masa wayar, bai da inda zai san halin da ake ciki sai titi. A ranar ne aka yi artabu a kan gadar Ƙasrun Nil, inda mutane suka tayar da salla motocin 'yan sanda suna feshinsu da ruwa, a ranar aka banka wa hedikwatar jam'iyya mai mulki wuta, kuma kafin dare 'yan sanda sun janye daga tituna, soja sun shigo. Masu tsara fitar ba su ma dogara da intanet a ranar ba. Masallatai suka zaɓa a matsayin wuraren haɗuwa, an raba takardu hannu da hannu, kuma babu wanda zai iya toshe sallar Juma'a.

Abin da ya rage yana aiki shi ne wayar girke, irin wadda muka riga muka ɗauka kayan tarihi ce. Akwai ɗaya a falon dattijon. Matarsa ta buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe, mutanen gidan da na maƙwabta suka yi layi tun daga matakala. Matsalar ita ce kowa lambobinsa suna cikin wayar hannu, kuma lambobin wayoyin hannu ne da ba sa shiga. Na ga wata mata tana juya tsohon littafin lambobi da hannu yana rawa, tana neman lambar gidan ƙanwarta da ta rubuta shekaru da yawa baya. Da layi ya zo kaina na kira gida. Mahaifiyata ta kwana biyu tana jin Masar a rediyo, tana kiran lambata ana ce mata a kashe take. Da ta ɗauka na yi sallama, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ne? Sake magana in ji." Na sake. Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta miƙa wa mahaifina wayar saboda ta kasa ci gaba. Wanda ya ba da umarnin katse layi yana tunanin masu zanga-zanga ne, amma umarnin nasa ya kai har kan wata tsohuwa a wata ƙasa da ba ta san sunan ko da dandali ɗaya a Alƙahira ba. Ya kai kan mai naƙuda da ba a iya kira mata mota ba, ya kai kan wanda aka harba ba a iya kiran motar asibiti ba.

Dattijon ya dawo cikin dare shi kaɗai. Yaron sai da asuba ya shigo, rigarsa da jini wanda ba nasa ba. Bayan ya ga iyayensa ya hawo ɗakinmu, don ya san ina da kwamfuta. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in kwafe wani bidiyo. Bidiyon bai kai minti guda ba, yana ta girgiza. Kwalta ake fara gani da ƙafafun mutane suna gudu, sai ƙarar harbi, sai wayar ta juya kan wani matashi mai riga mai layi-layi a kwance, takalminsa ɗaya ya fita. Ana jin muryar mai ɗauka yana kiran sunansa yana maimaitawa. A can ƙarshen titin ana hango masu kaki da bindigogi a saman wani gini. Abokinsa ne tun firamare.

Ya ce mini, "Ɗan'uwa, in suka tare ni suka ƙwace wayar nan, shi ke nan. Za su ce ɓarawo ne ya je fasa caji ofis."

Babu inda za mu tura shi. Na kwafe a kwamfuta, na sa a filashi biyu, ya ba wa yayarsa ɗaya, ya tura wa wasu abokansa ta Bluetooth. A nan ne na gane amfanin katse layi ga mai katsewa. Taron bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Abin da aka hana shi ne bidiyo irin wannan ya fita a ranar da aka ɗauke shi, lokacin da fitarsa za ta iya sa kwamanda ya ce wa yaransa su sauke bindiga. Kwamitin bincike na gwamnatin Masar ya ce daga baya mutum 846 ne suka mutu a boren, kuma wannan Juma'ar da babu layi tana cikin ranakun da aka fi zubar da jini.

Kwanakin da suka biyo na jita-jita ne. An ce an buɗe gidajen yari, kuma gaskiya an buɗe wasu, amma babu mai iya gaya maka ko fursunonin suna bayan layinku ko suna wani gari. Matasan unguwa suka kafa shingaye da sanduna suna sintiri. An rufe ofishin Aljazeera a ranar 30 ga wata, aka cire ta daga tauraron Nilesat, mutane suka yi ta neman sabuwar mitarta suna rubuta wa juna a takarda. Talabijin na gwamnati kuwa yana ta nanata cewa baƙi ne ke hura wutar, abin da ya sa mu baƙin muka daina leƙa ko ƙofar gida. Da aka maido da kiran waya, tes bai dawo ba, amma saƙonnin goyon bayan gwamnati suna shigowa wayoyin mutane. Wato bakinka aka rufe, kunnenka aka bari a buɗe don ka ji su. Daga waje wasu sun yi ƙoƙari. Google da Twitter sun samar da lambobin da mutum zai kira ya bar saƙon murya a wallafa masa, wasu masu fafutuka a Turai suka ba da lambobin da tsofaffin na'urorin haɗi za su kira ta wayar girke. Ya taimaki 'yan kaɗan, amma a layinmu ban san wanda ya kai gare shi ba.

Intanet ya dawo a ranar 2 ga Fabrairu, ranar da aka afka wa dandalin Tahrir da dawakai da raƙuma, kuma wannan karon duniya ta gani. Mubarak ya sauka a ranar 11 ga wata. A watan Mayu wata kotu ta ci tararsa tare da firaministansa da ministan cikin gida fam miliyan 540 na Masar saboda katse sadarwa, amma kotun sama ta soke hukuncin daga baya. Mafi yawan 'yan sandan da aka gurfanar kan kisan masu zanga-zanga an wanke su. Bidiyon yaron gidanmu ya kai hannun lauyan iyayen mamacin. Bai sa an ɗaure kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya hana a kira ɗansu ɓarawo, kuma na ga yadda wannan ya zame wa uwarsa abin riƙewa.

Na kammala karatu na dawo gida na kama koyarwa, ina zaton na bar wannan labari a baya. Sai 2019 ta zo. Abokin ɗakina a Azhar ɗan Sudan ne, yana zaune a Khartoum, muna gaisawa ta WhatsApp kusan kowane mako. Ya riƙa turo mini hotunan zaman dirshan da aka fara a gaban hedikwatar soja ranar 6 ga Afrilu, wanda ya kai ga kifar da Umar al-Bashir a ranar 11. Ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, dakaru suka afka wa wurin da asuba. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe sama da mutum 100, an tsamo gawarwaki daga kogin Nilu. Aka katse intanet, bai dawo ba sai 9 ga Yuli. Saƙona na ƙarshe gare shi ya tsaya da alama ɗaya. Ina buɗe wayar in duba ko ta zama biyu, in rufe. Da na same shi ta kiran waya daga baya, muryarsa ta dushe, ya ce mini, "Malam, mun ga abin da ba mu da wanda za mu nuna wa."

Duk da haka, a ranar 30 ga Yuni, ana tsakiyar wannan duhu, 'yan Sudan suka yi ɗaya daga cikin manyan fitowar da aka taɓa gani a ƙasar. Kwamitocin unguwanni ne suka bi gida-gida, da takardu da rubutu a bango da baki da baki. Akwai wani lauya da ya kai ƙara ya yi nasara, aka maido da intanet a wayarsa shi kaɗai, sai da ya koma kotu a madadin sauran jama'a. Da layi ya dawo, bidiyoyin 3 ga Yuni suka yi ambaliya bayan sun yi makonni biyar a ɓoye cikin wayoyi. A watan Nuwamban wannan shekarar Iran ta yi irin haka na kusan mako guda lokacin boren ƙarin kuɗin mai, kuma a cikin makon aka kashe ɗaruruwa. Tun daga nan, duk lokacin da na ji an katse layi a wata ƙasa ana tsakiyar zanga-zanga, gabana faɗuwa yake yi, don na san abin da ake shirin yi.

Ba na cewa intanet a buɗe alheri ne zalla. Lokacin zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda a Najeriya a watan Oktoban 2020 na ga ana yaɗa tsofaffin hotuna na wasu ƙasashe ana cewa daren jiya aka ɗauka, na ga ana rubuta ƙarya don a haɗa kudu da arewa faɗa. Wannan yana ɓata mini rai matuƙa, domin duk hoton ƙarya guda yana ba wa mai laifi damar ya ƙaryata na gaskiya goma. Amma a kwanakin da babu layi a Alƙahira na sha ƙarya fiye da kowane lokaci a rayuwata, kuma ba ni da hanyar tantance ko ɗaya. Harbin da aka yi a wurin zanga-zanga a Lekki da ke Legas a daren 20 ga Oktoba ma, da farko musantawa aka yi gaba ɗaya, kuma bidiyon da wata mai saka kiɗa da ake kira DJ Switch ta watsa kai tsaye a Instagram yana cikin abin da ya hana maganar mutuwa. A watan Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter bayan an goge wani rubutu na Shugaba Buhari, dakatarwar ta kai har 13 ga Janairun 2022. Ɗalibaina da ba su taɓa jin VPN ba, wato manhajar zagaye toshewar intanet, suka koya cikin yini guda. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yulin 2022 cewa matakin ya saɓa wa doka.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne gwamnatoci sun koyi darasi daga Mubarak fiye da yadda talakawa suka koya. Sun gane cewa kashe layi yana jawo asarar kuɗi da surutun duniya, barinsa a kunne kuwa yana ba ka sunan kowa da abokansa da inda ya kwana. Masar ta fara toshe shafukan labarai da yawa tun watan Mayun 2017, ciki har da Mada Masr. A 2018 ta yi dokar da ta ce duk mai mabiya sama da 5,000 a kafafen sada zumunta za a iya bi da shi kamar gidan jarida. A watan Satumban 2019, da aka ɗan yi yunƙurin fita, 'yan sanda suka riƙa tare mutane a tsakiyar Alƙahira suna cewa su buɗe wayoyinsu, ana bincika saƙonni a tsaye a bakin titi, aka kama dubbai. Yaron gidanmu, wanda ya tsaya cikin harsashi yana ɗaukar bidiyo, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya. Shafinsa babu komai sai gaisuwar salla da hotunan yara. In na kira shi na ɗan karkata zance, sai ya ce, "Ɗan'uwa, ya iyali?" Ina gane abin da yake nufi, in bi shi mu koma kan iyali. Babu wanda ya katse masa layi.

A watan Agustan 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Najeriya. A ranar farko mutane da yawa suka koka cewa sabis ya yi rauni, gwamnati ta ce ba ta ba da umarnin haka ba. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musanta. Cikin waɗanda aka kama akwai ƙananan yara, wasunsu ba su wuce sa'o'in ɗaliban da nake koyarwa ba. Sun yi kusan wata uku a tsare, iyayensu suna kuka, lauyoyi suna magana, ba a ji ba. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo su Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa. Wasu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, duk sun rame, ƙasusuwa a waje. Wani da ke wurin ya ɗaga waya ya ɗauka, kafin magariba bidiyon ya zagaye ƙasar. Ni ma a wayar wani abokin aikina na kalla, muka tsaya a bakin aji mun kasa shiga. Ranar 4 ga wata Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari kotu ta kori ƙarar.